Yadda Ake Zagayen Horo a Ɗakunan Asibiti ga Ɗalibin Famasi Mai Karatun Gaba da Digiri a Jos

Duk shekara sai an turo mana ɗaliban famasi, da fararen riguna masu ƙamshin guga, kowa da sabon littafi a hammata. Wasu digiri na biyu suke yi a Jami'ar Jos, wasu suna neman shaidar ƙwarewa ta kwalejin masu harhaɗa magunguna ta Afirka ta Yamma, wato WAPCP. Kusan dukansu sun yi shekaru suna miƙa magani ta taga, sun san sunan kowace ƙwaya da kuɗinta. Abin da ba su saba ba shi ne bin maganin har bakin gado su ga ko ya shiga cikin mai shi.

A ɗakin kwanciya abu uku za ka riƙa bi: abin da likita ya rubuta, abin da 'yan uwa suka iya saya, da abin da ya shiga jikin majinyaci. A takarda ukun nan abu ɗaya ne. A ƙasa kuwa sau da yawa kowanne hanyarsa daban, kuma gano inda suka rabu shi ne aikin da aka kawo ka koya.

Kayan da za ka tanada

Farar riga biyu, don ɗaya ba ta kai ka Juma'a. Takalmi rufaffe mara santsi. In zagayenka ya faɗo a Disamba ko Janairu, sa rigar sanyi a ƙarƙashin farar, domin duk wanda ya tsaya a barandar asibiti a Lamingo da bakwai na safe cikin hunturu ya san abin da nake faɗi. Amma hannun rigar kada ya sauko har wuyan hannu, za ka yi ta wanke hannu.

Ƙaramin littafi mai shiga aljihu, biro biyu, da kalkuleta ko da ta waya ce. Sai littattafan duba magani: EMDEX don magungunan da ke kasuwarmu, BNF da ɗan uwansa na yara, da kundin ƙa'idojin jinya na ƙasa. Sauke su cikin waya tun a gida yadda za su buɗe ba intanet, saboda akwai ɗakunan da sabis ba ya shiga sam. In ba ka da sabon bugu, tsohon ma ya yi, sai dai abin da ya shafi ƙanjamau, tarin fuka da maleriya, waɗannan nemi jagorar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta baya-bayan nan, don ƙa'idojinsu na canzawa.

Ɗauki man tsaftace hannu naka a aljihu, da takunkumi. Kwalbar da ke jikin bango ba kullum take da abu a ciki ba. Sai littafin sa hannu na makaranta, da kwafin takardar tarihin magani kamar ashirin. In makaranta ba ta ba ku irinta ba, ja layi da kanka: sunan magani, yawansa, sau nawa, tun yaushe, wa ya bayar, yana sha ko ya daina.

Abu na ƙarshe a jikinka yake, rigakafin ciwon hanta nau'in B. Allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. In ba ka yi ba, fara tun kafin ka shiga ɗaki.

Mataki na 1: Takardu da ranar farko

Kai takardar gabatarwa ofishin shugaban sashen famasi mako guda kafin ranar farawa, tare da kwafin lasisinka na PCN, hukumar kula da aikin famasi ta ƙasa, na wannan shekarar. Ko JUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, aka tura ka, ko Asibitin Ƙwararru na Filato, ko Jankwano, hanyar ɗaya ce: shugaban sashe zai haɗa ka da famasis ɗin da zai kula da kai, shi kuma ya kai ka ɗaki. Kada ka kai kanka. Tambayi mai kula da kai ranakun zagayen babban likita, lokacin da ake farawa, da adadin majinyatan da yake son ka riƙe. In ya bar maka zaɓi, ɗauki huɗu ko biyar. Ɗalibin da ya ce zai bi gado talatin, ƙarshenta ba ya sanin ko ɗaya.

Daga Bauchi Road ko Terminus zuwa Lamingo akwai 'yar tafiya, kuma da safe ana jiran mota. Fita da wuri.

Mataki na 2: Gaida masu ɗaki

Kafin ka taɓa fayil ko guda, nemi sistar da ke riƙe da ɗakin, ka gaishe ta yadda ya kamata, ka faɗi sunanka da wanda ya turo ka da tsawon zamanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ita ta san majinyacin da ke tofar da ƙwaya bayan an juya baya, da wanda ɗansa ya tafi neman kuɗi tun shekaranjiya bai dawo ba. Tambaye ta inda ake ajiye fayiloli, da lokutan rabon magani, kuma kada ka ɗauke takardar ba da magani a daidai lokacin rabo. Wanda ya yi haka sau ɗaya, sai ya gama zagayensa ana ce masa fayil ɗin yana wajen likita.

Mataki na 3: Karatun fayil kafin zagaye

Iso da awa ɗaya kafin likitoci. Fara da takardar ba da magani, wadda nas ke sa hannu a kai duk lokacin da ta bayar, sannan ka koma bayanin likita. Sabon shiga yakan yi akasin haka, ya ɓata minti arba'in kan dogon tarihin da aka rubuta ranar kwantarwa, zagaye ya iso shi bai ga maganin ba.

A takardar nan ƙirga gurabe. An rubuta allura sau uku a rana tun Litinin, yau Alhamis da safe, ya kamata a ga sa hannu tara ko goma. Nawa ka gani? In shida ne, ina sauran? Yawancin lokaci amsar ita ce ba a sayo ba. A asibitocinmu mafi yawan mutane daga aljihu suke biya, in ka cire masu inshorar NHIA ko PLASCHEMA ta jihar Filato. Likita zai zo ya ga zazzaɓi bai sauka ba, ya ce maganin bai yi ba, ya canza zuwa wanda ya ninka shi tsada, alhali na farkon rabinsa kawai aka yi. Idan ka kama wannan kaɗai a makonka na farko, ka ci kuɗin motarka.

Bayan haka kwafi sakamakon gwaji na ƙarshe tare da ranarsa: kiriyatinin (gwajin ƙoda), fotasiyom, sodiyom, suga, yawan jini, gwajin hanta in akwai. Sai nauyi. In ba a rubuta nauyi ba, nemi sikeli ka auna wanda zai iya tsayawa. Wanda ba zai iya ba, rubuta cewa kintace ne.

Mataki na 4: Tarihin magani a bakin gado

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

Ja kujera ka zauna, ko ka rusuna, kada ka tsaya a kan mutum da biro. Gaisuwa tukuna: Baba ina kwana, ya jiki, ya kwanan asibiti. Mai jinya ma a gaishe shi da ɗawainiya. A Jos za ka haɗu da Birom, Ngas, Afizere, Fulani, Ibo, kuma Hausa ce ta haɗa mafi yawansu, amma tambayi wane harshe ya fi masa sauƙi. In tsohuwa ce da Hausarta ba ta da yawa, nemi babba cikin dangi ya yi tafinta, kada a sa jika ɗan shekara goma.

Kada ka ce "kana shan wani magani?" Amsar kullum a'a ce. Mutanenmu ba sa lissafa abin da suka saya a kemis a matsayin magani, balle jiƙon da aka kawo daga gida. Bi ta gefe. In kai ya yi ciwo me ake ɗan sha? Na ƙafa fa? Akwai abin da ake taimakawa da shi daga gida, na basir ko na shawara? Ana sa kanwa a kunu? Sannan ka roƙi a nuna maka leda. Kowane gado yana da leda, a ƙarƙashin filo ko cikin loka ko a jakar matar gida.

Akwai wani dattijo da muka taɓa riƙewa a ɗakin maza, zuciyarsa ta yi rauni, ƙafafu sun kumbura kamar turmi. Kwana biyar ana ƙara masa furosemaid, maganin sa fitsari, kumburi ko gezau. Wata ɗaliba ta zauna wajensa, ta yi ta hira da shi kan noman dankali, can ta ce, "Baba, wannan gwiwar da kake ta shafawa, me ake yi mata?" Ɗansa ya yi dariya ya ce, "Ai Anti wannan ba magani ba ne, na gwiwa ne kawai." Ya jawo baƙar leda daga ƙarƙashin katifa. Katin diklofenak uku, biyu sun ƙare. A gefe ga fulas na kunun kanwa da ake kawowa safe da yamma. Diklofenak na riƙe gishiri da ruwa a jiki, yana rage ƙarfin maganin fitsari, yana kuma wahalar da ƙoda. Kanwa kuwa sodiyom ce. Wato ana kwarfe ruwa ta ƙofa yana shigowa ta taga. Babu wanda ya ɓoye komai, tambaya ce ba a yi ba.

In ka ga irin wannan, kada ka yi faɗa, kada ka kwashe ledar. Ranar da ka nuna ɓacin rai a kan jiƙo, daga ranar an daina nuna maka, ba a daina sha ba. Ce musu a ɗan dakata da shi har a ga yadda na asibiti zai yi, ka bayyana dalili a taƙaice, ka sanar da likita da sista.

Tambayi kuma ko wani magani ya taɓa ƙinsa, kuma me ya faru. "Ya ƙi ni" na iya nufin tashin zuciya kawai, yana iya nufin kumburin fuska da toshewar numfashi. Ƙaiƙayin kulorokwin da yawancinmu muka sani daban yake da ƙurajen da suka sa fata ta saluɓe bayan shan Septrin. Rubuta abin da ya faru da kalmomin mai shi. Mace mai shekarun haihuwa, tambaye ta batun ciki da shayarwa da tsarin iyali, amma a keɓe, da murya ƙasa. Mai ƙanjamau kuwa kada ka ambaci sunan ciwon ko na maganinsa gaban kowa, ko da matarsa ce, sai ka tabbatar ta sani.

In majinyaci ba ya cikin hayyacinsa, tarihin yana wajen wanda ke kwana da shi a gida, ba lallai wanda ya kawo shi ba. A kira a waya, a ce a ɗauki hoton fakitocin da ke gida a turo.

Mataki na 5: Tantancewa da lissafi

Ɗauki magungunan ɗaya bayan ɗaya. Me ya sa ake ba shi wannan? Yana aiki? Yana cutarwa? Zai iya saya ya kuma iya sha? Sannan juya tambayar: akwai ciwon da ke fayil wanda ba a ba shi magani ba? Wannan ya ishe ka ƙa'ida.

Lissafin da za ka fi yi shi ne na ƙarfin ƙoda, da dabarar Cockcroft-Gault. Cire shekaru daga 140, ninka da nauyi a kilo, ninka da 1.23 ga namiji ko 1.04 ga mace, raba da kiriyatinin. Wannan in ɗakin gwaji ya ba da sakamako da maikromol a lita, kamar yadda aka fi yi a nan. Misali Mama mai shekara 68, kilo 50, kiriyatinin 150. A cire 68 daga 140 saura 72, 72 sau 50 ya ba da 3,600, sau 1.04 ya zama 3,744, a raba da 150, kusan 25 ke nan. Kiriyatinin 150 ba ya tayar wa kowa hankali a ido, amma ƙodar wannan baiwar Allah mililita 25 kawai take tacewa a minti. A ƙasa da 30 ba a ba da metfomin, maganin ciwon suga. Tenofobir irin wanda ke cikin TLD, haɗin maganin ƙanjamau, tun daga ƙasa da 50 ake sake masa shiri. Jentamisin kuwa sai da dalili mai ƙarfi da sa ido.

Kuskuren da kusan kowane ɗalibi ke yi shi ne haɗa ma'auni biyu. Akwai wani nau'in dabarar mai 72 a ƙasa, wannan ta miligiram a desilita ce. In da ita ka saba, raba maikromol da 88.4 tukuna. Duk lokacin da amsa ta fito maka 0.3 ko 2,000, ka san ka gauraya. Kuma lissafin nan ba ya aiki ga yara, haka ga wanda kiriyatinin ɗinsa ke hawa kullum.

In babu gwajin kwata-kwata saboda kuɗi, duba takardar auna fitsari, ka tambayi mai jinya sau nawa aka zubar da fo. Sannan ka faɗa wa likita gwaji guda da ya fi muhimmanci, maimakon jera biyar da ba za a yi ko ɗaya ba.

Haɗuwar magunguna da za ka yi ta gani ba su da yawa, haddace su. Lisinofiril da sifironolakton tare suna ɗaga fotasiyom, in ya haura 5.5 a yi magana ranar. Wafarin, maganin tsinka jini, da metronidazol, INR wato ma'aunin tsinkewar jini zai tashi, alhali yawancin masu shansa tsakanin 2 da 3 ake son su. Sifrofulozasin da maganin ƙarin jini mai ƙarfe ko ruwan maganin olsa, a raba lokacinsu. Mai shan TLD da aka fara wa maganin tarin fuka mai rifamfisin, yana bukatar ƙarin dolutegrabir miligiram 50 bayan awa 12 da shan na farko. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi idan asibiti biyu ke duba mutum ɗaya.

Mataki na 6: Yadda ake magana a zagaye

Ni da kaina na fara da ƙafar hagu. A wani asibiti da na yi horo, ina ɗanyen kai, na ga an rubuta magani fiye da ƙima, sai na ɗaga murya gaban majinyaci da ɗalibai kusan goma sha biyar na ce wannan kuskure ne. Gaskiyata ce, an kuma gyara. Amma har na bar ɗakin nan babban likitan bai sake kallon inda nake ba, kuma majinyacin ya ƙi yarda da duk abin da aka rubuta masa bayan nan.

Ga yadda ake yi. Abin da ka gano kafin zagaye, kai wa ƙaramin likitan da ke riƙe da gadon, a teburin nas, tun kafin manya su iso. Sau da yawa nan take zai gyara ya gode maka. Abin da ya fi ƙarfinsa, bari a zo gadon, a gama gabatarwa, ka nemi izini. Jimla uku sun isa: abin da ka gani, hujjarka da lamba, da shawararka. "Ranka ya daɗe, Mama tana kan metfomin, na lissafa ƙodarta 25 da gwajin jiya, ko za a duba a mayar da ita kan insulin?" Shi ke nan, ka yi shiru. Kada ka kawo matsala ba tare da madadinta ba, kuma madadin ya zama wanda ke akwai a famasi yau, ka san kuɗinsa.

In an ƙi shawararka, rubuta a littafinka, ka kai wa mai kula da kai. Wani lokaci likita ya san abin da ba ka sani ba. In kuwa abu ne mai iya kisa, kamar fotasiyom da za a tura kai tsaye cikin jijiya ba a sirka ba, ba a jiran zagaye, tsayar da shi nan take ka kira babba.

In aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ce za ka duba ka dawo da amsa kafin azahar, kuma ka dawo ɗin. Kada ka yi kintace. Kada kuma ka canza komai a takardar magani da hannunka.

Mataki na 7: Abin lura a kowane sashe

A ɗakin yara komai da kilo ne, don haka nauyin yau shi ne farkon tambaya. Farasitamol miligiram 15 a kowane kilo: yaro mai kilo 12 zai sha 180, wato mililita 7.5 na ruwan da ke da 120 a cikin 5. Duba kwalbar da uwa ta sayo, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma na ɗigawa jarirai ya fi kauri nesa ba kusa ba. Maleriya mai tsanani, atesunet ta jijiya: miligiram 3 a kilo ga wanda bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai, a yi a farko, bayan awa 12, bayan awa 24. Allurar da aka haɗa ba ta kwana, in awa ɗaya ta wuce a zubar. Da yaro ya farfaɗo ya iya sha, dole ya cika kwana uku na ACT, haɗin maganin maleriya na sha. Nan ake yawan yin asara, yaro ya tashi yana wasa, a ɗauka an gama. Ga jarirai sabbin haihuwa kuma, seftiriyazon ba ya haɗuwa da ƙarin ruwa mai kalsiyom irin Ringa.

A ɗakin haihuwa, jijjiga ce babbar jarrabawarka. Magniziyom salfet a tsarin Pritchard: giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 a ɗuwawu duk awa huɗu. Kafin kowace allura a duba motsin gwiwa, numfashi da fitsari. Je ka gani da idonka cewa kalsiyom gulukonet, makarinsa, yana cikin tire. Mai ciki da ta zo da lisinofiril na hawan jini daga gida a tsayar da shi, akwai metildofa, nifedifin da labetalol.

A ɗakin tiyata tambaya ɗaya za ka yi ta maimaitawa: wannan maganin kashe ƙwayoyin cuta na rigakafi ne ko na jinya? In rigakafi ne, cikin awa ɗaya kafin yanka ake yinsa, kuma bai kamata ya wuce awa 24 ba. Za ka tarar da shi a kwana na bakwai. Duba kuma wanda ya fara cin tuwo amma har yanzu allura ake yi masa, a mayar da shi ƙwaya kuɗi ya ragu.

Asibitin masu ƙanjamau da na masu taɓin hankali, kunne suka fi bukata. Ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwalba ka gwada da ranar karɓa.

Lokacin rani kuma ka tuna da zazzaɓin Lassa, Filato na cikin jihohin da yake ɓulla. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta, sa safar hannu kafin ka taɓa leda ko gado. In allura ta soke ka, wanke da ruwa da sabulu, ka kai rahoto a take. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, gwamma a awannin farko, a sha kwana 28.

Mataki na 8: Rubutu

Kowane majinyaci ka rubuta shi a tsarin SOAP: abin da ya faɗa, abin da aka auna, fahimtarka, sai shirinka. Kashi na uku shi ne naka, kuma shi ɗalibai ke tsallakewa, su cika shafi da kwafin fayil. A littafinka sa haruffan farko na suna da shekaru kawai. Kada ka ɗauki hoton fayil, kada ka tura shi zauren WhatsApp na aji, ko da neman taimako kake.

Illar magani da ka gani, cika takardar NAFDAC mai ruwan ɗorawa, ko ka yi ta manhajar Med Safety. Zargi ya isa, ba sai ka tabbatar ba. Tambayoyi goma na ma'aunin Naranjo za su taimake ka ka faɗi ƙarfin zargin. In babu takardar a ɗaki, tana sashen famasi.

Mataki na 9: Ranar sallama

Roƙi sista ta riƙa sanar da kai wanda za a sallama, in ba haka ba sai dai ka tarar da gado an canza zani. Zauna da majinyaci da wanda zai kula da shi a gida, a baje magungunan a kan gado. Ware sababbi, ware na da waɗanda za a ci gaba da su, ware waɗanda aka dakatar, ka faɗa a fili cewa na gida irinsu ma an dakatar. Mutum yakan koma ya haɗa amlodifin na asibiti da na kemis saboda launin kwalin ya bambanta.

"Sau uku a rana" ba ya nufin komai ga mai cin abinci sau biyu. Ga Musulmi ɗaura shi da salla: bayan Asuba, bayan Azahar, sai lokacin kwanciya wajen goma na dare. Ga wanda ba haka ba, a saita ƙararrawar waya a gabanka. Wanda ba ya karatu, zana masa rana da wata a jikin ambulan. Cokalin gida ba ma'auni ba ne, ba uwa sirinji ka ja mata layi da biro inda za ta tsaya. Maganin maleriya mai lumefantirin a sha shi da abu mai maiƙo, madara ko ƙosai sun yi. Mai insulin da ba shi da firji, ya sa kwalbar cikin leda ya ɗaure, ya ajiye a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa, kuma wadda aka buɗe kada ta wuce mako huɗu. Mai ciwon suga, musamman mai shan gilibenkilamaid, tambaye shi batun azumi, na Ramadan ne ko na coci, ya dawo a gyara masa lokutan sha kafin ya fara.

Daga nan ce masa, "Baba, in an koma gida Mama ta tambaye ka yadda ake shan wannan, me za ka ce mata?" Abin da ya maimaita shi ne abin da ya ji. "Ka gane?" kuwa, kowa "e" yake cewa don kunya.

Mataki na 10: Gabatarwa da sa hannu

Tun makon farko zaɓi majinyacin da za ka gabatar a ƙarshe, wanda ka bi daga kwantarwa zuwa sallama, ko da ciwonsa hawan jini ne kawai. Masu jarrabawa sun fi son jin abin da ka gano, wa ka faɗa wa, me aka yi, me ya biyo baya, fiye da ciwon da ba a taɓa ji ba wanda ka kwafo daga littafi. Sa har shawarar da aka ƙi karɓa da dalilin ƙin.

Littafin sa hannu kuwa a sa maka kowace Juma'a. Wanda ya tara sai ranar ƙarshe yakan tarar mai kula da shi ya tafi hutu ko taro Abuja. Kafin ka bar ɗaki, rubuta abin da ya rage a kan kowane gado, gwajin da ake jira da maganin da ya kamata a tsayar ranar kaza, ka miƙa wa famasis ɗin ɗakin ko ɗalibin da zai gaje ka hannu da hannu, sannan ka je ka yi wa sista sallama.